Mai Dankali Ba Ya Cin Dankali

Shekara ashirin da uku ina Farin Gada,
buhun dankali ne kujerata, shi ne matashin kaina.
Da shi na yi rufin kwano,
da shi Rumasa'u ta yi karatu har ta sa farar riga.
Yau ita ce a kaina da igiyar awon tela,
ta zagaya tumbina, sai da na haɗiye numfashi bakin ya haɗu.
Ta ce, Baba, sikeli ba ya kunyar kowa.
Na ce, ni za ki gaya wa? A gindin sikeli na yi furfura.

Aka kawo gwangwani daga Abuja a motar safe,
an naɗe shi kamar jariri.
Kuɗinsa buhu ɗaya da rabi, na manyan 'ya'ya.
Na buɗe: gari ne, launin ƙasar ramin kuza,
yana ƙamshin alewar yara.
Ludayi biyu, ruwan sanyi, a girgiza.
Wai karin kumallo ke nan. Wai na rana ma shi ne.
A Jos! Inda asuba ke cizon kunne,
mutum ya karya da abin da ba ya tururi?

Ban da tuwo, ban da burodin mai shayi,
ban da gwaten acca da Kande ke cikawa da yakuwa da gauta.
Na ce, masa fa, ko ɗaya? Ta ce, ko rabi.
Nama kuwa ci, ƙwai ci,
kabeji ci har ka fid da kunnen zomo.
Muna yara nama yanka ɗaya ne bisa tudun tuwo,
mu bar shi sai ƙarshe, muna gadinsa da ido.
Yau ga nama faranti guda, tudun ya tafi,
ina tauna ina neman abin da zan ɗora shi a kai.

Kwana uku kaina na sara,
na daka wa yaron awo tsawa kan laifin da bai yi ba.
Kwana tara hancina ya zama magabcina.
Matar da ke suya a bakin ƙofa,
ni na ba ta dankalin, bashi ma,
ƙamshinsa ya biyo ni har sahun farko.

Mafulul ya sauko daga Bokkos da mota cike,
ya yanka ɗaya ya miƙo: dubi cikinsa, sai ka ce gwaiduwa.
Na yaba. Ya ce uwargida ta dafo mana, ga kula.
Na ce na ƙoshi, na ɗaga gorar roba na girgiza.
Ya dube ni, ya dubi gorar,
ya ce, Alhaji, maganin feshi ka koma sha?
Dariya ta kai har layin masu tumatir.

Ban ce ba amfani ba.
Wata biyu, mazagin wandona ya yi rara,
gwiwa ta bar ƙara in na tafi sujada.
Lambar da Rumasa'u ke rubutawa da alli a bango
duk Asabar tana sauka taki ɗaya.
Sai dai ludayi ya fara kankarar gindin gwangwani,
mai kawowa kuma ya ce kaya sun tashi.

Jiya, bayan gida ya yi shiru,
na ɗauki wani ƙarami da ya faɗo daga buhu, ba mai saye,
na tura shi cikin tokar murhu.
Na ɓare yana ƙona min yatsu, ɗan gishiri,
na ci a tsaye, a duhu, ɓarawo a gidan kansa.

Da safe na ga an share ɓawon gefe guda.
Rumasa'u ba ta ce uffan ba.
Ta miƙo gorar.
Yau ruwan da ɗumi.